Aron Sunan Mamaciya

"Idan Baturiyar ofishin jakadanci ta tambaye ki, ni wace ce?" in ji Dahabo.

"Mama."

"In mun fito fa?"

"Gwaggo," in ji yarinyar, kanta a ƙasa.

Dahabo ta gyara mayafi. Shekara goma sha tara ke nan da aka binne jaririyarta Sagal a hanyar gudunsu daga garin Kismayo zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab. Ba ta ga gawar ba, zazzaɓin jego ya kwantar da ita. Maƙwabciyarta Ambiya, wadda ita ma ke da jaririya, ita ta riƙe yaran biyu, ita ce kuma ta ce mata, "Ki yi haƙuri, taki ta koma."

Da Ambiya ta rasu a sansanin, Dahabo ta ɗauki marainiyar, ta sa mata sunan Sagal a katin abinci. Ta ciyar da ita, ta tufatar da ita, amma ko sau ɗaya ba ta rungume ta ba. Duk lokacin da ta kira sunan, sai ta ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa ake amsawa.

Yanzu mijinta ya nema musu bizar zama a Amurka, ofishin jakadanci kuma ya sa an yi musu gwajin jini. Yau suka zo Nairobi jin sakamako. Dahabo ta riga ta saddaƙar asiri ya tonu.

Baturiyar ta duba takarda, ta yi murmushi. Tafinta ya ce, "Barka, Hajiya. Jini ya tabbatar 'yarki ce."

Dahabo ta juya ta dubi yarinyar. "Sagal..."

Yarinyar ta matso, ta yi mata raɗa.

"Gwaggo, mun tsira. Ba su gane ba."