Kaskon Man Kifi

A zamanin Nasara aka yi wannan, ina 'yar ƙarama a Haɗeja. Ran nan Goggo, yayar Baba, ta zo mana yini daga Malam Madori. Inna ta gama ƙullin waina ke nan, sai tanda ta suɓuce mata, ta rabe biyu. Ga damina, ruwa ya raba mu da maƙwabta, babu wurin aro.

Sai ta jawo kaskon da Baba ke narka kitsen kifi a ciki. Ta dirje shi da toka har sau uku, ta ce a yi sinasir. Amma kaskon ƙasa ya riga ya sha mai. Yana jin wuta, ƙarnin ruɓaɓɓen hanji ya taso.

Inna ta gutsuro mini sinasir ɗin. "Ɗanɗana, 'yar nan. Ki gaya mini gaskiya."

Ƙarni ya cika mini baki, amma na haɗiye don tausayinta. Na ce, "Da daɗi, Inna."

Da jin maganata, sai ta ɗauka ta kai wa Goggo. Loma ɗaya Goggo ta yi, ta tofar, ta dubi Inna. "Tir! Amarya, mushe ake ba baƙo a gidan nan?"

Inna ba ta dake ni ba. Kallona kawai ta yi. Har yau in na tuna, ƙaryata ta fi ƙarnin tayar mini da zuciya.