Fartanyar Mai Rabon Ruwa

Wannan misali na ji shi a wani gari na bakin fadama, sunan garin ya ɓace mini. Wani tsohon masani na ƙasashen Turai ma ya yi irin wannan magana a kan mulki, shi ma tsufa ya ƙwace mini sunansa. To, saurara.

Masu lambu arba'in ne suke shan ruwa daga magudana ɗaya. Kowa ya ga dama sai ya fasa gefenta ya juya ruwa cikin fangalinsa, har wata rana aka fasa wa wani kai. Sai suka taru, kowa ya yarda ya janye hannunsa. Suka zaɓi wani mai rake, suka ɗaura jan ƙyalle a ƙotar fartanyarsa, suka ce ita kaɗai za ta riƙa buɗe ruwa, bi da bi. Sharaɗi ɗaya suka sa masa, kada shukar kowa ta mutu da ƙishirwa.

Akwai wani mai albasa can ƙarshen magudana, wanda shi ya ɗaura ƙyallen da hannunsa. A rani na uku ya kwana tara ruwa bai iso masa ba, ganyen albasarsa ya kwanta, ga rake kuwa sai sheƙi yake yi. Ya je ya yi magana, aka ce gobe. Ya koma, aka ce jibi. A zuwa na uku mai raken bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Malam, ruwa na mai jan ƙyalle ne." Takaici ya kama mai albasa. Ƙyallen nan fa daga tsohon rawaninsa ya yago shi.

Bai yi zagi ba. Ya bi lambu lambu yana tambaya, "Kyauta muka ba shi, ko amana?" Da safe fartanya talatin da tara suka hallara a bakin magudana. Mai rake ya ɗaga tasa yana cewa ya hana, aka bi ta gefensa aka buɗe ruwa, aka zaɓi wani. Mai rake ya dubi abin da ke hannunsa, ashe fartanya ce kamar ta kowa, da tsumma a wuya. Dama ba ta da wani ƙarfi sai yardarsu.

Hausawa sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.