Biskit ɗin Maman Ƙauna

Tire na huɗu ma ya fito da tauri kamar tsakuwa.

Regina ta ɗauki guda ɗaya ta ƙwanƙwasa a bakin tebur, ko gutsirewa bai yi ba. Ta juye sauran cikin bokiti, ta rufe da tsohon zani, ta sake leƙa ƙofar kicin ta tabbata a kulle take. Yau Laraba. Ranar Asabar ne auren 'yarta Ƙauna.

In dai ka taɓa zuwa godiyar kaka a cocinsu a Kafanchan, to ka san biskit ɗin citta na Maman Ƙauna. Waje ƙarau, ciki laushi, cittar ba ta kama ka sai ka haɗiye. Shekara ashirin da biyu, duk Juma'a da rana ake kulle ƙofar kicin ɗin nan, ƙamshi ya tsallake katanga har layi na biyu. Mata sun roƙi sirrin har sun gaji. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ku dai ku ci."

Tun watan Mayu ba a sake jin ƙamshin ba. A watan ne mijinta Andrawus ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutane suka ce jinya ce ta hana ta. Ita ma ba ta ce a'a ba.

Sai ga Irene, shugabar zumuntar mata, ta tashi a coci ranar Lahadin da ta wuce a gaban jama'a.

"Dangin ango sun ce tun daga Kauru suke jin labarin biskit ɗinmu. Na ce su zo da manyan jaka! Maman Ƙauna, ko na yi ƙarya?"

Aka yi tafi, aka yi guɗa. Regina ta ɗaga hannu tana murmushi.

Ba a taɓa rubuta yadda ake yin biskit ɗin ba, ko a bayan kalanda. Ta ɗauki waya ta shiga nema. Wannan ta ce kofi biyu na fulawa, waccan ta ce uku. Wane kofi? Na shayi ko gwangwanin madara? Wata ta ce a narkar da bota, wata ta ce kul. Wata Baturiya ta ce a sa obin, wato murhun gashi, a lamba kaza, alhali nasu na durum ne, gawayi ake zuba masa.

Tambaya kuma ba hali. A ce Maman Ƙauna ce ke tambayar yadda ake biskit? Ko fulawar ma sai ta hau mota ta je Zonkwa ta sayo, don kada 'yan kasuwar Kafanchan su lura da yawan da take ɓarnatarwa.

Ta taka kujera ta sauko da gwangwanin citta daga can saman kantar kicin. Ta gwada busasshiya, ta gwada ɗanya. Muciyar murzawa ta yi mata nauyi, kafaɗa ta riƙe. Ƙarfen obin ya lashe ta a wuyan hannu, ta tsaya tana kallon ƙunar kamar baƙuwa.

Duk tiren da ya fito, sai ta kai wa Andrawus ɗaya a falo. Yana nan a kujerarsa ƙarƙashin hotonsa na ranar ritaya: hedimasta, dattijon ikilisiya, mutumin da ko kofin da ya sha ruwa ba a taɓa ganin ya ɗauke a gaban baƙi ba. Ubansa kukun Turawan mishan ne, yara sun yi masa waƙar "ɗan kuku" a makaranta, har ya tsufa ba ya son a tuna masa.

Yakan shinshina biskit ɗin ya rufe ido. Hannunsa na hagu ya yi ta murza yatsu a kan gwiwa. Ya buɗe baki, iska kawai ke fita.

"Na sani, Baban Ƙauna," in ji ta a hankali. "Bai yi ba."

Ranar Alhamis da safe Ƙauna ta iso daga Kaduna. Tana neman abin ɗiban ruwa ta ɗaga zanin nan, ta ga bokiti cike da ƙonanne da ɗanye. Ta ɗauko shi har falo.

"Mama, mene ne wannan?"

Ƙauna ta ajiye bokitin, ta ci gaba.

"Damuwar Baba ce ta ɗauke miki hannu, na gane. To ki zauna ki huta. Ki faɗa mini kawai, fulawa nawa, suga nawa, ni zan yi. Ko ni ma za ki ce in dai ci?"

Regina ta dubi mijinta. Akwai alkawarin da ta yi masa da hannu a kan Littafi Mai Tsarki, tun Ƙauna tana goye. Ta riƙe shi shekara ashirin da biyu, yanzu shi ya riƙe ta a wuya.

Andrawus ya daɗe yana kallon bokitin. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da bai shanye ba. Sannan ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya nuna Ƙauna, ya gyaɗa kai.

Regina ta sauke numfashi, ta jawo 'yarta kusa.

"Ɗauko fulawa da kofuna duka ki jera a gabansa, zai nuna miki da hannu. Kafin ciwon nan nasa, ni ban taɓa gasa ko ɗaya ba, Ƙauna. Babanki ne ke yi, ni aikina in zauna a bakin ƙofa in ce wa baƙi Dattijo yana hutawa."