Ranar da Baba ya ja jirginsa tudu

Lokacin sanyi ne, shekarar da aka yi ruwa a Madina har kwarin Aƙiƙ ya cika ya tumbatsa. Kowa murna yake yi, amma tawa ta fi, don Baba ya dawo. Aikin jirgin ruwa yake yi a Yanbu, can bakin teku. Sai ya zo ya ɗan kwana biyu ya koma, ni kuma in yi ta kuka.

Bayan la'asar ya kai ni bakin ruwan. Ya fere reshen dabino da wuƙarsa, ya yi mini ɗan jirgi mai kan dodo. Har yau ina jin ƙamshin ɗanyen itacen nan.

Ya ce, "Irin wannan Baikin suke hawa, 'yan fashin teku na ƙasar ƙanƙara. Akwai babbansu da ya addabi garuruwa. Wata rana ya ja jirginsa tudu, ya zauna da matarsa da 'ya'yansa, aka naɗa shi sarki."

Na riƙe hannun rigarsa. "Baba, kai yaushe za ka ja naka?"

Ya yi dariya. "Ai halas, an gama, ya binti, 'yata, na ja. Na samu aiki a wani shago a Uhudu. Ba inda za ni."

Na yi ta tsalle har takalmina ɗaya ya bi ruwa. Sai da na girma na gane yadda yake son tekun nan, Allah ya jiƙansa.

Washegari da sassafe na ɗauki jirgina, na bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ina shaida musu Babana ya zama sarki.