Na'urar da ke Tafiya Ba Kowa a Kanta

Zauna in ba ka misali, tunda kai ma abu kaɗan ka ce hannu aka sa maka.

Wani tsohon bakanike ne, shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin manyan motoci, sai Allah ya nufe shi da kujerar Makka. Amma gwiwoyinsa sun gaji, daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Likita bai ɓoye masa ba: in bai motsa ƙafafun nan kafin tafiya ba, a keken guragu za a tura shi ɗawafi. Shi kuwa ya ci alwashin da ƙafarsa zai zagaya Ɗakin Allah. 'Yarsa da ke aure a Legas ta aiko masa da na'urar motsa jiki ta gwanjo, irin wadda ake tsayawa a kan matakai biyu, a riƙe sanduna biyu, a yi ta tafiya ba a zuwa ko'ina. A kwakkwance ta zo cikin kwali, da takarda mai hotunan yadda ake haɗawa. Ya ɗaga takardar ya yi tsaki. Mutumin da ya sha sauke injin tirela ya mayar, shi takarda za ta koya wa ɗaurin noti? Matarsa ta ce ya dai duba, ya ce ta je ta duba tukunyarta. Kafin azahar ya tsayar da abu a rumfar tsakar gida, inda siminti ya ɗan gangara don ruwa ya bi rariya. Kowane noti ya ɗauru tam. Sai wata siririyar waya mai ƙugiya a baki da ta leƙo daga bututun tsakiya. Ya juya ta, ya ga ba ta isa ta riƙe komai ba, ya cusa ta ciki ya rufe.

A rana ta uku, ya sauko daga kan na'urar ya shiga ɗaki zai yi ƙailula. Gida shiru, rana ta take. Sai ya ji sautin yana nan bai tsaya ba, shuu, shuu, kamar takun wanda ba ya sauri kuma ba ya gajiya. Ya ɗaga labule. Matakan na hawa suna sauka, sandunan na kai da komo, ba kowa a kai. Aka daɗe kafin ta tsaya, kuma da ta tsaya, tsayuwar mutum ta yi, ƙafa ɗaya a sama. Ranar ce ya lura robar sandunan ta cinye daidai wurin yatsu, ya ɗora nasa ya ga na mai ita na dā sun fi nasa tsawo. Bayan kwana biyu matar ta nuna masa zane huɗu a siminti: kullum abin yana matsawa wajen ƙofa, kamar faɗin yatsa, kamar faɗin yatsa. Maƙwabta suka ce ai kayan gwanjo ke nan, wa ya san na wane ne? Ƙila mai ita a kanta ya cika, tafiyarsa ce bai ƙarasa ba. Maganar ta zauna wa tsoho a ƙirji. Akwatin sifanunsa na ƙarƙashin gado, bai ko jawo shi ba. Aka yi hayaƙi, aka yayyafa rubutu, aka ɗaura laya a sanda ɗaya. Matar ta daina shanya a rumfar. Shi kuwa ba halin bari, kwanaki na ƙaratowa, sai ya koma yin sallama ƙasa-ƙasa kafin ya hau, yana tafiya yana jin kamar akwai mai jiran ya sauka.

Saura mako uku a tashi, da hantsi, ya zo ya tarar da mataki ɗaya a sama. Maimakon ya riƙe ƙarfen da ba ya motsi ya fara taka na ƙasa, idonsa na kan layar, sai ya ɗora ƙafa a na sama ya sakar masa nauyinsa duka. Matakin ya zame kamar an fizge shi, na'urar ta sulale ta bi gangara ta kife da shi. Ya ji ƙarar ƙugunsa kafin ya ji zafin. Yana kwance kunci a siminti, murfin robar na'urar ya tsage daidai fuskarsa, ya hango cikinta. Ga dabaran, wato faifan ƙarfe mai nauyi, na ta juyawa, ga ƙugiyar nan tana lilo, ga gurbinta a buɗe da maiƙo sabo. Wayar birki ce. Ita ke riƙe dabaran. Shekara arba'in yana zagin direbobin da ke ajiye mota a gangara ba waigi.

Mutane suka cika gidan suna salati, wani na cewa mai kaya ya karɓi kayansa. Tsoho ya kamo bakin zanen matarsa ya ce, "Kwance layar nan. Ba kowa a kai, ni ne ban haɗa birki ba."

Jirgin shekarar ya tashi ba shi. Da shekara ta zagayo ya je, a keken guragu, ana tura shi ta saman bene yana leƙen masu zagaye da ƙafarsu a ƙasa.

To ka ji. An bar jaki ana dukan taiki.