Mai Kwasar Fayil Dubu Shida

Tun da na ga ka zauna kana rubuta wa kwamfuta umarnin kwaso kaya daga sabar mutane, wato kwamfutar da suke ajiye fayilolinsu, bari in ba ka wani misali kafin ka danna.

A wata kwalejin koyon aikin jinya an yi wani ma'aikacin ɗakin kwamfuta. Gwani ne kam, wannan ba musu, sai dai irin gwanin nan ne da ba ya iya yin aiki sai da 'yan kallo. A kwalejin kuma akwai wata dattijuwa mai kula da laburare, wadda ta shafe shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar hoton tsofaffin takardun jarrabawa da darussan malaman da suka bar aiki ko suka rasu, tana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinta. Takardun asali kuwa tuni gara da yoyon rufi suka gama da yawancinsu. Wannan kwamfutar ita ce sabar: ka buga adireshinta, jerin sunayen fayiloli ya fito, ka taɓa wanda kake so ya sauko. Haka ɗalibai suka saba yi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa kuka. Ana saura mako biyu jarrabawa sai gwanin namu ya gan su suna wannan lallaɓawa, ya yi dariya ya ce suna ɗiban rijiya da cokali. A gaban abokan aiki ya bugi ƙirji, wai kafin azahar zai kwaso fayil dubu shidan da ke cikinta kaf. Ya zauna ya rubuta umarni layi goma sha biyu: karanta jerin, ɗauki kowane suna, sauke shi. Ya san ladabin sana'arsa sarai, ya san ana sa ɗan jinkiri tsakanin fayil da fayil don saba ta numfasa. Har ya rubuta layin jinkirin, sai ya lissafa ya ga aikin zai ci kwana biyu, ga kuma alkawarin azahar. Ya goge layin, ya ce wa umarnin ya ja ɗari uku a lokaci guda, ya danna, ya fita shan shayi yana ba kowa labari.

Tsohuwar kwamfutar ba ta kai awa guda ba. Fankarta ta yi ta kuka, faifan ajiyarta ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya, bai sake tashi ba. Ɗalibai suka cika laburare suna tambayar abin da ya faru. Bayan azahar sai ga dattijuwar ta hawo bene zuwa ofishinsa, tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, da ɗan filashin ajiye fayil a hannunta. Da faɗa ta zo yi, da ya ji sauƙi, don baki bai taɓa yi masa kaɗan ba. Amma da murna ta shigo. Ta ce, “Malam, sannu da aiki. An ce da safe ka kwashe komai, Allah ne ya turo ka. Na'urata ta mutu, ka taimaka ka zuba mini a nan.” Ya buɗe foldar da ya sauke fayilolin a ciki, tana tsaye a bayansa, ga sunaye dubu shida reras, gwanin sha'awa. Ya taɓa na farko, bai buɗe ba. Na biyu haka, na hamsin haka. Da yake ɗari uku-uku aka yi ta jan su a tare, kowanne a rabin hanya ya yanke, suna ne kawai ba ciki. Fayil ɗaya tak ya sauko cikakke, shi ma don ya fi kowanne ƙanƙanta: 'yar sanarwar da ke saman jerin, wadda bai ko kalla ba da safe. Ya buɗe, suka karanta tare: “Na'urar nan tsohuwa ce, don Allah a ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mai son duka ya zo da filashi in zuba masa.” Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Matakala ashirin ce tsakaninsa da teburinta, da sallama ɗaya. Dattijuwar ta mayar da filashinta cikin jaka, ta juya ta soma sauka a hankali.

Ɗaliban nan sun shiga jarrabawa da ɗan abin da ke cikin wayoyinsu. Shi kuwa ya ƙare zangon yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye, yana roƙon wanda ya taɓa sauke fayil biyu ko uku ya ba shi a mayar wa dattijuwa. Har shekara ta zagayo bai haɗa rabi ba, mutumin da ya ga kwana biyu sun yi masa yawa.

To, ka mayar da layin jinkirin nan da na ga ka goge. Ba a banza Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa ba.