Iyakar da Isikeli Bai Tsare Ba

Isikeli ya ajiye wayarsa a kan tabarma kamar wanda ya taɓa ƙazanta. Zagaye arba'in ya yi a wasan gina dauloli na waya yana zuba dukiyarsa a binciken kimiyya. Bai gina ganuwa ko ɗaya a gabas ba, domin ya ƙulla amana da maƙwabcinsa, wani ɗan wasa mai laƙabin Ƙaguwa. Saura zagaye ɗaya ya lashe gasar unguwarsu a birnin Suva, sai Ƙaguwa ya mamaye babban birninsa.

"Tir da wannan hali," ya ce wa Mereoni, 'yar yayarsa, wadda ke feraye gwaza. "Mutumin da kullum yake kirana ɗan'uwa. Ina so in ga uwar da ta haifi wannan maci amana."

"Tana kicin, Kawu, tana dafa maka kifi."

Ya zuba mata ido. A al'adarsu, duk abin da 'ya'yan 'yar'uwa suka ɗauka a gidan kawunsu ya zama nasu, kuma ba a ɗaga musu murya.

Ko kai ba ta ɗago ba. "Zagayenka ne. Ka janye sojojin nan daga bakin teku, ina son tashar jiragen ma."